Majinyacin da Ba a Sallama Ba

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, mutumin da 'yan unguwa suke kira Injiniya yana zaune a ɗan ɗakin aikinsa da ke bakin ƙofar gida, ya duƙufa a kan wata na'ura da ya kwance wa baya. A takarda dai ba injiniya ba ne, mai gyaran na'urorin asibiti ne, amma da yake sunan bai taɓa sa shi ciwon kai ba, bai taɓa gyara wa kowa ba. Abin da hannunsa ya fi faɗawa a kai shi ne monita, akwatin nan mai allo da ake ajiyewa kusa da kan majinyaci, tana nuna bugun zuciya da awon jini da numfashi, tana ɗan kuka tit, tit, daidai da kowane bugu. Idan ta lalace a asibiti shi ake kira, idan kuma gyaran zai ja lokaci sai ya ɗaure ta a bayan babur ya kawo ta gida.

Wadda ke gabansa ran nan daga sito aka zaƙulo ta, ƙura ta yi mata riga. Nas ɗin da ta miƙa masa ita ta ce tun da aka cire ta daga jikin wani tsoho da ya rasu ba ta sake kamawa ba, kuma mai sharar sito ba ta son zuwa kusurwar da take, wai takan ji nishi. Injiniya ya yi dariya ya ce ɓeraye ne, su ma suna da nasu majinyatan. A gida ya gano ɗan abin da ya ƙone a hanyar wuta, ya cire ya sa sabo, ya ɗiga dalma, ya hura. Da ya danna madanni sai allon ya kawo, wani koren layi ya miƙe ɗoɗar daga wannan gefe zuwa wancan.

Ka'idar aikin ita ce a gwada na'ura da wani ƙaramin akwati mai kwaikwayon zuciyar mutum. Nasa ya daɗe da lalacewa, kuma kowa ya san kayan mai gyara su ne na ƙarshen gyaruwa. Don haka ya saba gwaji a kan 'yarsa Auta, yarinya 'yar shekara goma sha biyu mai surutun tsiya, wadda ita kaɗai ta rage musu a gida tunda yayyenta sun kama gabansu. Ita kuwa abin nema ne ya samu, domin babu abin da take so irin ta ga zuciyarta tana zane a kan allo, ta riƙe numfashi ko ta yi tsalle don ta ga zanen ya canja. Ya ƙwala mata kira, ta bar uwarta da keken ɗinki a tsakar gida, ta shigo tana miƙa yatsa tun daga bakin ƙofa.

Akwai wata doka kuma, wadda ko yaron da ya fara koyon aikin jiya ya sani. Kafin a ɗora wa sabon mutum monita, sai an danna an sallami na da. Na'ura ba ta san mutuwa ba, ba ta san tafiya gida ba. Muddin ba a sallami majinyaci a cikinta ba, duk bugun da ya shigo nasa take ɗauka, ta jona shi a kan na baya kamar hutawa ya ɗan yi. Injiniya ya ga lambar gado da shekarun tsohon suna nan a kusurwar allo. Ya ce a ransa ai gwaji ne na ɗan lokaci, ga magariba ta kawo jiki, ya goge in ya dawo daga masallaci. Ya maƙala wa Auta ɗan abin nan mai jan haske a yatsa, ya manna mata wayoyi a wuyan hannu.

Layin ya zabura, kukan ya fara, tit, tit. Auta ta yi dariya. Sai ƙwan lantarkin ɗakin ya dushe kamar an rufe shi da tafin hannu, kuma daga bayansu, inda babu komai sai bango, aka sauke wata doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da jira. Injiniya ya waiga bai ga kowa ba. Da ya maido ido kan allo sai ya ga abin da bai kamata ba. Zuciyar yarinya sauri take yi, amma wannan bugun ja da baya yake, yana tuntuɓe, irin na tsohon da ya sha jinya. Ya yi tsaki ya ce ashe da sauran gyara.

"Baba, yatsana ya yi sanyi," in ji Auta, ba ta dariya kuma.

Kafin ya amsa, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Da fari sun ɗora wa yaran unguwa. Maman Auta ta leƙa waje ta zazzaga faɗa, titi kuwa fayau, kowa ya shige. Duwatsun suka ci gaba da zuba har duhu ya rufa, sannan suka ɗauke. Washegari da almuru suka dawo, jibi ma haka, kuma kullum sai sun fi na jiya girma. Wanda duk aka tsinta da zafi yake kamar daga murhu aka zaro shi. Maƙwabcinsu mai facin taya, ƙato ne mai cika baki, ya shigo da ƙarfen cire taya a kafaɗa, ya tsaya a tsakar gida ya ce duk ɗan da ya isa ya fito su gwada. Bai rufe baki ba wani dutse ya same shi a leɓe, ya tofar da haƙori tare da jini. Ya fita bai ɗauki ƙarfensa ba, bai kuma sake aikowa a ba shi ba.

Daga nan abin ya bar rufi ya shigo ɗaki. Sai a kulle ƙofa da taga, dutse ya faɗo daga silin da babu ko huda, ya fasa madubi, ya tarwatsa kofuna. Wata magariba keken ɗinkin Maman Auta ya kama gudu shi kaɗai, ta kai hannu ta tsayar da shi, allura ta shige ta farcen babban yatsanta ta fito ta ƙasa. Injiniya da fulaya ya zare ta, matar tana cizon gefen mayafinta don kada ihunta ya firgita yarinya.

Amma duk wannan bai kai abin da ke ɗakin aiki tayar masa da hankali ba. Ya zare monitar daga soket, ya cire batir ɗinta ya jefa a aljihun tebur, duk da haka da rana ta faɗi sai allon ya kawo, kukan ya fara, babu waya ko ɗaya a jikin kowa. Ran da ya daure ya kama wuyan hannun Auta yana sauraro, ya tarar bugunta da kukan na'urar tafiya ɗaya suke yi, babu mai riga wani. Ya kai ta asibiti da safe, likita ya auna duk abin da ake aunawa ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai a ƙara mata abinci. Gaskiyarsa ne, domin da rana yarinyar garau take. Da yamma ta yi sai ta yi shiru, ta rakuɓe a jikin bango, leɓenta ya yi fari, lambar da ke allo ta sauka ƙasa da ta jiya. Injiniya ya yi shekaru yana tsayawa a bayan likitoci, ya san inda lambar nan take zuwa idan ta kama gangara, kuma ya san ba ta da nisa.

Ya yi niyyar mayar da na'urar inda ya ɗauko ta. Ya ɗaure ta a babur, yana kaiwa bakin ƙofa aka ɗaga babur ɗin da shi a kai aka maka da bango, ya tashi da gwiwa a fashe, monitar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba. A lokacin ne lambar gadon nan ta kusurwar allo ta faɗo masa a rai, ya tuna bai sallami tsohon ba. Ya jira magariba, allon ya kawo, ya lallaɓa ya kai yatsa kan madannin sallama.

Bai ji shigowar Auta ba. Hannunta kawai ya ji a kan nasa, ɗan hannun nan da yake riƙewa in za su tsallaka titi, amma yanzu kamar an matse shi a bakin ƙofar mota. Ta dube shi da idanun da babu baƙi a cikinsu, ta lanƙwasa masa yatsu biyu baya, a hankali, har suka yi ƙas. Ya durƙushe. Wata murya ta fito daga bakin yarinyar, muryar tsohuwa mai kaushi.

"Ka sake kai hannu wurin nan, wuyanta zan yi wa haka."

Ta sake shi, yarinyar ta zube a sume. Maman Auta ta rungume ta tana kuka, ta ce ita dai a iya saninta tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to me 'yarta ta ja? Tsoro da kunya suka haɗu suka rufe Injiniya, ya fi jin su a kan zafin karayar.

Malamin da suka nemo ba baƙo ba ne. Wani gajeren dattijo ne mai sanyin murya, wanda ya shahara da yi wa masu taɓin aljanu karatu, kuma yana cikin masu leƙowa ɗakin Injiniya a auna musu jini kyauta, ya tafi yana musun abin da na'ura ta nuna. Ya zo da la'asar sakaliya da butarsa da carbinsa da sandarsa. Ya saurari labarin tun daga sito har zuwa karayar yatsu bai katse ba, sai da aka zo kan maganar sallama ya sa aka maimaita masa. Ya jinjina kai ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin aikin, aka kwashe guduma da sukundireba da duk wani ƙarfe mai tsini aka kai waje, aka zaunar da Auta, uwarta ta riƙe ta ta baya. Monitar tana kan tebur, allonta baƙi ƙirin.

Suka yi sallar magariba a tsakar gida, suka dawo suka zauna. Unguwar ta yi tsit, irin shirun nan da ko kare ba ya son karyawa. Malam ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Allon ya kawo. Kukan ya fara, a hankali, da tazara mai tsawo tsakanin bugu da bugu.

Auta ta fara rawar jiki, sannan ta banƙare har ƙeyarta ta daki uwarta a hanci, jini ya ɓalle. Malam bai ɗaga kai ba, ya ƙara murya. Kujerar Injiniya ta tashi sama ta daki silin ta dawo a karye. Kwalaben da yake tara ƙananan kusoshi, waɗanda aka manta a kan kantar bango, suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya, kusoshin suna feshi kamar tsakuwa. Wani dutse ya tsaga wa Malam goshi, jini ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga gemu, bai ko share ba. Ya kama babban yatsan hannun yarinyar ya matse, ya kai bakinsa kusa da kunnenta ya ci gaba. Ta yi wani gurnani da ya sa gilashin taga ya tsage, sannan muryar tsohuwar ta ce ya isa, ya daina ƙona ta, za ta yi magana.

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da yarinya ta yi mata. Ta ce sunanta ba na bakinsa ba ne, kuma ita ba ta san wata yarinya ba, tsohonta ta sani. Ta ce tun yana rarrafe take tare da shi. Ita ta janye shi daga bakin rijiya yana yaro, ita take tashinsa in barci ya ɗauke shi a kan tuƙi, domin direban babbar mota ne. Ya san da ita, in zai kwanta yakan matsa ya bar mata gefe. Da ciwo ya kwantar da shi ta bi shi asibiti, ta tare a jikin akwatin nan, saboda a nan take jin zuciyarsa a fili, abin da ba ta taɓa samu ba duk tsawon zamansu. Sai wata yamma 'ya'yansa suka kewaye gadon suka kama karatu babu tsayawa, karatun ya kore ta har bakin titi. Da ta samu ta dawo, an yaye zanen gado, an tura akwatin sito. Ta zauna a ciki tana jira, har ran da bugun ya dawo a kan gadonsa, da lambarsa, da shekarunsa.

"Baiwar Allah, tsohonki ya rasu," in ji Malam. "Wannan zuciyar ta yarinya ce, kuma kina kashe ta."

"Zuciyar ta cika gudu ne, ina mayar da ita yadda na san ta. Kun ce ya mutu. Wa ya gani? Ni ban gani ba."

Malam ya ce duk mai rai mamaci ne, ya yi mata nasiha, ya yi mata barazana da abin da ya fi wanda ta ɗanɗana. Ta yi dariya ta ce ya ƙona ta ɗin, amma ya sani kafin ta ƙone za ta matse abin da ke hannunta. Kukan na'urar ya yi wani dogon shiru kafin ya dawo, Maman Auta ta saki salati. Dattijon ya dubi Injiniya, a karo na farko aka ga damuwa a fuskarsa. Ya ce ta inda aka hau ta nan ake sauka, shin akwatin nan yana da abin da zai nuna mata?

Injiniya ya ce yana da shi. Monita tana ajiye zanen ƙarshe na majinyacin da ba a sallama ba, ana iya komawa baya a kalla, tun daga inda zuciya ta fara gazawa har inda ta tsaya. Kan Auta ya juyo gare shi a hankali, fararen idanun suka tsaya a kansa.

"Nuna min," in ji muryar. "In na gani da idona, na tafi."

Malam bai yarda da baki kawai ba. Ya sa ta rantse da abin da irinsu suke tsoro, cewa in ta gani za ta fita, ba za ta dawo ba, ba za ta aiko ba. Ta rantse, amma ta kafa nata sharaɗin, cewa in an fara ba a tsayawa, kuma kada wanda ya taɓa yarinyar ko akwatin sai ta ce a sallame shi. Malam ya ja Injiniya gefe ya gaya masa a kunne cewa ya riƙe wannan da kyau, domin aljanin da aka karya wa alkawari ba ya sake zama a yi magana da shi. Maman Auta ta saki 'yarta ta ja baya, hannunta a kan hancinta.

Da hannun hagu ya yi aikin, na daman yana naɗe da tsinke da bandeji. Ya shiga ma'ajiyar na'urar, ya koma baya, ya wuce zanen Auta, ya kai kan na tsohon. Zanen ya fara tafiya a kan allo, ƙananan tsaunuka masu tazara, wani ya yi tsayi, wani ya gaza. Auta ta rarrafo ta durƙusa a gaban tebur, fuskarta ta yi kore da hasken. Ta ɗaga hannu kamar za ta shafa allon, ta fasa. Muryar ta yi ƙasa, ta ce shi ne, ga ɗan tuntuɓen nan nasa.

Injiniya ne kaɗai a ɗakin ya san wani abu game da na'urar nan. Idan ana kallon zanen baya, allo ne kawai yake komawa baya, kukan ba ya komawa. Kukan na mai rai ne, na yanzu. Kuma kukan da yake ji yana faɗuwa daidai kan kowane tsauni na zanen tsohon. Inda zanen ya yi tuntuɓe, kukan ya yi tuntuɓe. Inda tazara ta ƙaru, shirun ya ƙaru. Zuciyar 'yarsa tana bin sawun ta mamaci ƙafa da ƙafa, shi kuwa ya riga ya san inda zanen ya ƙare.

Ya ce, "Malam, tana tafiya da ita."

Malam ya damƙi hannunsa na hagu ya riƙe gam, bai daina motsa baki ba. Injiniya ya dubi madannin tsayarwa, ga shi nan kusa, ko da gwiwar hannu zai iya kai masa. In ya tsayar, ya karya alkawari, kuma ya ji yadda yatsunsa suka yi ƙas. In ya bari, layin zai miƙe. Bai taɓa jin ƙiyayyar wani abu kamar yadda ya ji ta aikinsa a wannan lokacin ba. Ya tsaya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana kallon tsaunukan suna ƙanƙancewa, suna nisa da juna, har suka koma 'yar rawa kamar zare a iska. Sai layin ya miƙe, na'urar ta saki dogon kukan nan da babu yankewa.

Auta tana durƙushe ba ta faɗi ba. Hawaye suna zuba daga fararen idanun.

"Shi kaɗai ya tafi," in ji muryar. "Ban riƙe masa ko yatsa ba." Ta dubi Injiniya. "Sallame shi."

Injiniya ya fizge hannunsa ya danna. Lambar gadon ta ɓace, shekarun suka ɓace. Wani ihu ya tashi wanda ba daga bakin yarinyar ya fito ba, daga bango da ƙasa da rufi ya fito gaba ɗaya. Ƙwan lantarki ya fashe. Monitar ta tashi daga kan tebur ta wuce ta gefen kunnen Malam ta daki bango ta tarwatse. Ƙyauren ƙofa ya ɓalle ya faɗa tsakar gida, wata iska mai zafi ta bi ta kai ta fice, kwanon rufi yana ƙara a bayanta har ƙarshen layi. Sannan komai ya lafa, Auta ta kife a kan tabarma.

Malam ya ce ta fita. Injiniya bai ji shi ba, ya riga ya birkito yarinyar ya kwantar da ita rigingine a ƙasa. Ɗan hasken da ya rage a sararin sama yana shigowa ta inda ƙofa take a da. Ya taɓa wuyanta babu komai, ya kai kunci bakin hancinta babu komai. Ya sha ganin nas-nas suna yi, an taɓa koya musu ma a asibiti a kan mutum-mutumin roba, suna yi suna wasa. Ya ɗora tushen tafin hannunsa na hagu a tsakiyar ƙirjinta, ya ɗora karyayyen a kai, ya miƙe gwiwar hannu ya danna da nauyin jikinsa. Zafi ya tashi daga yatsunsa ya haye har ƙwaƙwalwa. Ya danna, ya danna, ya toshe mata hanci ya hura mata iska a baki, ya koma ya danna. Tsinken da aka ɗaure yatsun da shi ya karye, bandejin ya jiƙe.

Wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannunsa, wannan karon ba nasa ba ne, haƙarƙarin yarinyar ne. Maman Auta ta ji. Ta yi kansa tana dukan bayansa da hannu bibbiyu, tana cewa ya bar mata gawar 'yarta, abin da ya yi bai isa ba sai ya kakkarya ta? Ta ja rigarsa har ta yage, ta yakushe shi a wuya. Malam ya shiga tsakani, ya tare ta da sandarsa da jikinsa, yana cewa ta bar shi, wannan karatun na Injiniya ne. Injiniya bai san ana yi ba. Babu allo, babu lamba, babu kukan da zai gaya masa ko yana kan hanya ko gawa yake wahalarwa. Ya ci gaba da dannawa, numfashinsa yana fita kamar na rago a hannun mahauci, yana kiran sunan Allah a kan kowace dannawa, har hannayensa suka fara mutuwa.

Ya sunkuya zai sake hura mata iska ke nan sai ƙirjin ya motsa da kansa. Ta ja wani numfashi mai ƙara, ta sarƙe, ta yi tari, ta yi amai a gefen tabarma. Ya tallafo kanta. Idanunta suka buɗe, baƙinsu ya dawo, suna yawo a duhu har suka tsaya a kan fuskarsa. Maman Auta ta sulale ƙasa ta kama ƙafafun yarinyar ta kifa fuska a kai. Malam ya jingina da bango, sai a lokacin ya kai hannun riga ya share jinin goshinsa, ya ce a nemo mota a kai ta asibiti, a haɗa da uban.

Auta ta kai hannu gefen ƙirjinta, ta yamutsa fuska. Leɓenta ya motsa, sai da ya kai kunne kusa sannan ya ji.

"Baba, ka ji min ciwo."

Injiniya ya buɗe baki, dariya da kuka suka taho masa tare, ya rasa wanda zai fara.

"Na sani, uwata," ya ce. "Ƙara faɗa in ji."